Masu Jin Karatun Yara a Gidajen Maraɗi

A ƙarshen watan Yuni, idan aka zo rufe lakwal, makarantu da yawa a Maraɗi kan jera bencina a tsakar fili, a gayyato iyaye, a raba wa yaran da suka yi zarra kyaututtuka: kaye, bik, ƴar jaka, wani lokaci har da sabulu. Ana kiran na ɗaya da na biyu, mata na rangaɗa guɗa, darakta na miƙa hannu. Yaron ya cancanci tafin da ake yi masa, mushensa ma haka. Amma duk yaron da ka ga ya miƙe gaban jama'a ya karanta shafi guda bai yi tuntuɓe ba, in ka bi sawunsa zuwa gida, sau da yawa za ka tarar da wani da ya daɗe yana zama da shi bayan isha'i yana jin karatunsa. Wataƙila yayarsa ce da ke kwaleji, wataƙila kawunsa ne mai tebur a Sabon Gari, wataƙila kuma kakarsa ce wadda ba ta taɓa riƙe bik ba. Aikin waɗannan mutane nake so in bayyana, domin gwaninta ce ta sosai, mai ƙa'idoji da dabaru, kuma masu ita suna burge ni ƙwarai.

Buƙatar aikin nasu ba ƙarama ba ce. Binciken PASEC, wanda ke auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu koyarwa da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa cikin yaran Nijar da suka kai ajin ƙarshe, waɗanda karatunsu ya kai yadda ake so ba su cika kashi 10 cikin 100 ba. A 2019 adadin ya tashi zuwa wajen kashi 30. An ci gaba, amma har a lokacin yara 7 cikin 10 suna gab da barin firamare alhali rubutu bai buɗe musu ba. Dalilan kuwa kowa ya san su. Ajin zana sai an yi girbi an sami kara ake kafa shi, ruwan farko kuma ya tashe shi. Littafi ɗaya yara uku ko huɗu ke leƙe. In aji yana da yara 60, darasin karatu kuma minti 30 ne, to ko mushe bai buɗe baki ya ce komai ba, rabon kowane yaro rabin minti ne. Da rabin minti a yini ba wanda ya taɓa iya karatu.

Makarantu na yin nasu ƙoƙarin su kwaɗaitar da yara. Akwai gasar karatu tsakanin azuzuwa, akwai jerin sunaye bayan jarrabawa, akwai malamin da kan ba da alewa daga aljihunsa. Akwai kuma kwamitin nan na iyaye da malamai da ake kira CGDES, wanda shirin École pour tous na hukumar JICA ta Japan ya fara ƙarfafa irinsa a jihar Tawa a 2004, kafin tsarin ya bazu cikin ƙasa. Daga baya shirin ya aro wata dabara daga ƙungiyar Pratham ta Indiya: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a sa shi a ɗaya daga matakai 5. Akwai wanda bai san harafi ba tukuna, sai mai haruffa, mai kalmomi, mai ƴan jimloli, da mai karanta labari. A faɗi sakamakon a taron iyaye, a shirya ƙarin darasi bayan an tashi, a sake gwadawa bayan ƴan watanni. A ganina wannan matakala ta fi kowace kyauta daɗi ga yaro, don kowa na iya hawa, ba na ɗaya kaɗai ba. Sai dai gasa da kyauta da matakala duk iyakarsu su sa yaro ya so ya buɗe littafi. Abin da zai faru bayan ya buɗe, a gida ake yanke shi.

Mu Hausawa ba baƙin wannan al'amari ba ne. Makarantar allo ta daɗe da nata tsarin. Yaro zai fara da babbaƙu, yana rera "alu, ambaki, wau, zal", ya wuce farfaru, sannan ya kama haɗawa. In ya kai wasu surori sanannu, a gida a dafa abinci ko a yanka kaza a kai sadaka makaranta, ranar sauka kuwa a yi wa allo zayyana a tara dangi. A lura da abu biyu a nan. Sadakar ba ta ta'allaƙa ga wanda ya fi kowa ba, ta wanda ya kai wurin ce, kuma ƴan makaranta duka ke ci. Sannan ba a wanke allo sai malam ya ji yaron da kunnensa, shi kaɗai, ya gamsu. Gwanayen jin karatun boko a gida, ko sun sani ko ba su sani ba, daga wannan rijiya suke ɗiba.

A Jiratawa na ga wata tsohuwa mai sayar da kwaɗon zogale tana wannan aiki. Tana zaune bisa tabarma, faranti a gabanta tana tsinkar ganye, jikanta ɗan ajin CE1 yana gefe da littafin Faransanci da tocila. Ya kama karatu tiryan-tiryan, murya a sama, ba gargada. Ni da nake gefe har na fara yaba masa a zuci. Ita kuwa ko hannu ba ta tsayar ba, sai ta ce:

"Maigida, dakata. Bakinka na gudu, idonka na bisa katanga. Aza mani yatsa inda kake."

Ya aza.

"To, sauko can ƙasa, layi na ƙarshe. Mi anka rubuta nan?"

Yaro ya yi shiru, yana murza gefen takarda.

"Ba komi. Wannan ka hardace shi, harda kuwa ba laihi ba ce. Amma mushe karatu ya ce. Mu koma farko, sannu-sannu, ni ba inda za ni."

Ya koma farko. Muryar ta sauka, rerawar ta ɓace, yana tsayawa yana haɗa gaɓa da gaɓa. Da ya kai ƙarshen layi na uku ta ce, "Yauwa. Yanzu hwaɗa mani da Hausa, wa ya yi mi?" Ya ce wani yaro ne ya tafi rijiya da jakinsa. Ta ce, "Jakin nan da tulu nawa?" Ya sake duƙawa kan littafin yana nema.

Wannan tsohuwa ba ta san harafin boko ko ɗaya ba, kuma ba ta jin Faransanci. Duk da haka ta kama abin da ke kuɓuce wa masu ilimi da yawa. Yaranmu suna da ƙarfin harda, allo ya horar da su, sun kuma ji ƴan aji sun maimaita shafin sau da yawa a bayan mushe. Yaro na iya zuba shafi daga ka har ya ci kyauta, a zo a ba shi wata takarda dabam ya kasa fitar da kalma. Mai jin karatu yana rarrabe harda da karatu ta alamomi da ido ke gani: ƙwayar ido tana bin layi ko tana yawo, yatsa da murya suna tafiya tare ko ɗaya ya bar ɗaya, murya tana da ƴan tsaye-tsaye irin na mai aiki ko kuwa tana kwarara irin ta mai waƙa. Maganin kuma mai sauƙi ne: a sa shi ya fara daga ƙasa, ko a nuna kalma a tsakiya, ko a tambaye shi abin da amsarsa sai an koma cikin rubutun. Tambayar tulu nawa ɗin nan ita ce ƙololuwar gwanintar. Ta mayar da yaron cikin shafin da ƙafarsa, ba tsawa, ba kunyatarwa.

Kada wani ya ɗauka sa'a ce ta gida ɗaya. A unguwar Haringey ta birnin Landan, Jack Tizard da abokan aikinsa sun yi wani gwaji da suka wallafa a 1982. Wasu azuzuwan yara ƴan shekara 6 zuwa 8 aka riƙa ba su littafi su kai gida, su karanta wa iyayensu sau da yawa a mako. Wasu azuzuwan kuma aka ɗaukar musu ƙarin malami ƙwararre yana yi musu darasi rukuni-rukuni a makaranta. Bayan shekara 2, waɗanda ke karanta wa iyaye a gida su ne suka yi ci gaba a fili. Cikin iyayen nan kuwa har da baƙin da ba su iya karanta Ingilishi ba, da waɗanda ba su iya karatu ba sam. Abin da yaron ke buƙata shi ne babban mutum ya ba shi kunnensa shi kaɗai na ɗan lokaci, a kai a kai. Duk lokacin da na ji uwa ta ce, "Ni da ban yi lakwal ba, me zan tsinana masa?" wannan labari nake ba ta.

Abu mafi wuya a sana'ar shi ne shiru. Nan ne masu ilimi suka fi faɗuwa. Ɗan lise ya zauna da ƙanensa, yaro na cijewa a kalma, kafin ya numfasa an jefo masa ita. Yaro ya maimaita, a wuce. A haka za a ƙare shafi, wan ne ya karanta, ƙanen ya yi amshi. Wani kuma haƙurinsa ya ƙare, ya kai ranƙwashi, daga ranar littafi da zafi sun haɗu a zuciyar yaron. Masu bincike a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan, a ƙarshen shekarun 1970, sun koya wa iyaye su jira kamar daƙiƙa 5 kafin su sa baki, sannan su ba da ɗan haske maimakon amsa, sannan su yaba. Daƙiƙa 5 a baki ba komai ba ce. Wanda ya gwada yin shiru alhali amsa na kan harshensa, ga yaro na dubansa da idon roƙo, shi ya san tsawonta.

Wata budurwa ƴar kwaleji a Tsibirin Gobir ta nuna mini yadda ake ba da hasken. Ƙanenta ya cije a kan "tsintsiya". Ta jira. Da ta ga ya fara kallon sama, sai ta sa babban yatsa ta rufe kalmar, ta bar masa "tsin" kaɗai. Ya faɗa. Ta janye yatsan kaɗan, "tsi" ya fito, ta ƙara janyewa, "ya". Ta ce, "Haɗa su da sauri." Ya haɗa, sai ya yi dariya ya dubi tsintsiyar da ke jingine a bakin ƙofa. Ta ce, "To koma farkon jimlar, ka karanta mani ita duka." Wannan komawar tana da muhimmanci, domin yayin da yaro ke kokawa da kalma ɗaya, ma'anar jimlar ta riga ta zube, sai an koma an kwaso ta. Da suka juya ga littafin Faransanci ya cije a kan "oiseau", ba ta rufe komai ba. Ta faɗa masa kai tsaye, ta rubuta a ɗan allonsa da alli don gobe. Ta san kalmar da ake iya fasawa, ta san wadda fasa ta wahalar banza ce ga ɗan shekara 7, tunda ba harafi ɗaya a cikinta da ke fita da muryar da yaron ya san shi da ita.

Wannan bambanci na rubutun Hausa da na Faransanci shi ne dalilin da ya sa gwanaye da yawa ke fara wa yaro da Hausa a gida, ko da makarantarsa Faransanci zalla take yi. A Hausa abin da aka rubuta shi ake faɗa: ba, be, bi, bo, bu. Yaron da ya gane cewa harafi murya ce, muryoyi kuma ana haɗa su, ya gane sirrin gaba ɗaya, saura ya koyi ƙa'idojin wani harshe. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa tun 1973, a wata makarantar gwaji a Damagaram. Shirin NECS, wanda ƙungiyar Plan International ta gudanar da kuɗin Amurka a ƙauyuka 150, ya koyar da karatun farko da harsunan gida, binciken da aka yi a kansa kuma ya nuna yaran sun ƙaru a karatun harshensu ba tare da Faransancinsu ya ja baya ba. A watan Maris na 2025 kuwa sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Uban da ya gane sirrin nan na harafi da murya, in ya ɗauko ɗansa a moto, yakan tsaya gaban allon hanya ya ce karanta. An rubuta Djiratawa, an rubuta Madarounfa, an rubuta Guidan Roumdji. Yaro ya san garuruwan tun yana goye, don haka da kansa zai gano cewa "dj" ɗin nan ja ce, "ou" kuma u ce. Darasin da zai ci mako a aji, an yi shi a bakin kwalta kafin injin ya huce.

Akwai kuskuren da gwani ke bari ya wuce. Littafi ya ce "tafi", ɗan Maraɗi ya karanta "tahi". Littafi ya ce "fara", ya ce "hwara". Wannan yaron bai yi kuskure ba. Ya ga kalmar, ya gane ta, ya fito da ita da bakin gidansu, wato ma'ana ta isa. Ranar dikte a nuna masa yadda ake rubutawa, amma a tsakiyar labari a ƙyale shi. Kuskuren da ake tsayawa a kansa shi ne wanda ya ɓata magana. A nan ma kunnen uwar da ba ta yi lakwal ba ya fi na kowa kaifi, saboda rubutunmu ba ya nuna jan wasali ko karin murya. "Inna ta tankaɗe gari" da "Baba ya shiga gari", gari ɗaya ne a takarda, biyu ne a baki. In yaro ya faɗi na tuwo a wurin na mutane, uwa za ta ɗago kai nan take ta ce, "Wane irin gari Baba ya shiga?" Yaron ya yi dariya ya gyara, ya kuma koyi cewa mai karatu yana sauraren kansa.

Sai zaɓen abin karantawa. Malamai na da wani ma'auni: in yaro na tuntuɓe a fiye da kalma 1 cikin 10, rubutun ya fi ƙarfinsa. Mai jin karatu ba ya lissafi, a fuska yake gani. Da ya ga gumi da ƙaiƙayin ƙeya sai ya sauko da yaron mataki ɗaya, ko da ajinsu ya wuce wurin, don littafin CP da aka karanta da daɗi ya fi na CE2 da aka yi kuka a kansa. Matsalar ita ce littafin ma ina yake. A nan ne nake ganin hikimar mutanenmu. Buhun taki, kwalin shayi, takardar magani, katin gayyatar biki, duk sun zama abin karatu. Uwa ta miƙa wa ɗiyarta waya ta ce nemo mani sunan gwaggonki, ta kuma jira har ta nemo. Binciken da Jenny Aker ta yi a ƙauyukan Doso da Damagaram a 2009 da 2010 ya nuna manya masu yaƙi da jahilci sun fi riƙe karatu in an haɗa musu da koyon waya, saboda sun sami inda za su yi aiki da shi kullum. Yaro ma haka yake.

Wanda ya fi burge ni shi ne littafin da ake yi a gida. Kaka ya ba da labari, ɗan kwaleji ya rubuta shi cikin gajerun jimloli a tsohon kaye, ƙaramin ya karanta wa kakan, kakan ya ce a'a, ba haka na ce ba, a gyara. Labarin kuwa ga shi nan birjik. A Tsibiri akwai Bawa Jangwarzo, akwai yadda Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa garin a 1836 bayan yaƙin Gawakuke. A Maraɗi akwai Ɗan Kasawa, akwai ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a cikin fadama har aka hau tudu. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya, a rubuta masa layi 5 a kan Kantu, ɗan kokawar Maraɗi da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975, a ga ko zai tashi bai ƙare ba. Wanda ya kai matakin labari kuma a nemo masa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda tun ƙarshen shekarun 1930 yake riƙe yara a zaune. Littattafan Kano da ake samu a kasuwa suna da amfani ga manya, amma ba kowanne ya dace da yaro ba, sai wani babba ya fara dubawa.

Yanzu ga maganar kyauta, wadda a kanta ne gidaje suka fi rabuwa. Wani uba zai ce in ka zo na ɗaya zan saya maka keke. Niyyar mai kyau ce, amma ɗan shekara 8 bai san hanyar da ke tsakanin yau da na ɗaya ba. Masanin tattalin arziki Roland Fryer ya gwada wannan a Amurka daga 2007. A Niyok aka biya yara bisa makin jarrabawa, a Shikago bisa sakamakon darussa, ba a ga wani canji na kirki ba. A Dalas kuwa aka ba ƴan aji biyu dalar Amurka 2 kan kowane littafi da suka karanta suka amsa tambayoyi a kansa, sai karatun yara masu jin Ingilishi ya ƙaru. Yaran da Sifaniyanci ne harshen gidansu kuwa abin bai yi musu rana ba. Darasi biyu ke nan gare mu. Kyauta na aiki in an ɗaura ta ga abin da yaro zai iya yi yau da hannunsa. Sannan ba ta buɗe littafin da aka rubuta da harshen da yaro bai ji ba tukuna.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen. A 1973 Mark Lepper da abokansa a jami'ar Stanford sun ɗauki ƙananan yara masu son zane, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu kuma aka ba su ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Bayan ƴan kwanaki, waɗanda aka yi wa alkawari su ne suka rage zane don kansu. Abin da suke yi don daɗi ya koma aikin lada. Gwanayen gida sun san wannan da ilhami. Kyautarsu ƙarama ce, dabino biyu, ƙuli-ƙuli, dala 5 ta alewa, kuma ba kullum ba, ba da ciniki ba. Sau da yawa ma kyautar karatun ce da kanta: yau kai za ka karanta wa Baba saƙon da ya shigo, ranar Juma'a ke za ki raka ni kasuwa ki riƙe takardar cefane. Abinci da kayan salla ba sa shiga wannan lissafi ko kaɗan. Haƙƙin yaro ne, ya iya ko bai iya ba, kuma ina ganin zalunci ne a yi masa barazana da su.

A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, kyauta na iya zama wuta. Ɗan wannan ɗaki ya ciyo kaye a lakwal, ɗan wancan bai ciyo ba, magana ta bar hannun yara ta koma ta iyaye mata. Maigidan da ya iya ba ya gwada yaro da ɗan'uwansa, da jiyansa yake gwada shi. Wasu kan ja wa kowane yaro layinsa da gawayi a katangar zaure, duk daren da aka zauna a ƙara ɗan zane, wanda ya cika 10 ya zaɓi tatsuniyar da za a yi. Mai haruffa da mai labari duk suna iya cika 10 rana ɗaya. In kuma aka raba kyauta a makaranta yaro ya dawo hannu wofi yana haɗiye kuka, ba a ce masa kyautar banza ce, don ya san ba banza ba ce. A ɗauko littafin da ya gagare shi a watan Oktoba a ce karanta, ya ji da kunnensa yadda yake gudu a cikinsa yanzu.

Yabo kansa yana da tasa hanyar a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi a fuska, kunya ba ta bari. Amma na sha jin yadda suke yi. Gwaggon yaro ta shigo, ana gaisawa, uwar na tuƙa tuwo ba ta ko waiwaya ba, sai ta ce, "Yaron nan fa jiya ya ƙare littahin da mushe ya ba shi, har ya ba mu labarin." Yaron yana bayan ɗaki, ya ji sarai. Gwaggo ta kira shi ta sa masa albarka, ta kwance bakin zane. Kunya ta tsira, yabo ya isa. Kuma a lura, abin da ya yi aka faɗa, ba a ce yana da ƙwaƙwalwa ba. Yaron da aka yaba wa aikinsa ya san abin da zai sake yi gobe.

Tsawon zaman ba shi ne ba. Manoman Jiratawa, masu noman rani a filin ban ruwa tun farkon shekarun 1980, sun san zogalen da ake ba ruwa daidai kima a kan lokacinsa ya fi wanda aka bari ya yi yaushi sannan aka malale shi rana ɗaya. Minti 15 kowane dare ya fi awa 3 a daren jarrabawa. Sai dai a duba wuyan yaron: allo da asuba, lakwal da rana, wani kuma makarantar dare. Alhamis da Juma'a da ba a zuwa allo, da Asabar da Lahadi da ba lakwal, nan ake samun sarari. In barci ya kama shi a rufe littafi, gara a tashi yana son ƙari.

Ƴaƴa mata ne wannan lissafi ya fi cuta. Yarinya ta dawo lakwal ta ɗauki talla, ta dawo ta yi wanke-wanke, ta goya ƙane, lokacin da ta zauna kai na rangaji. Uwayen da suka iya ba sa jiran aiki ya ƙare, don ba ya ƙarewa. Sukan karɓi aikin daga hannunta na ɗan lokaci: kawo in ƙarasa tsinkar, ke karanta mani. Ko a ce yau namijin zai ɗebo ruwa. Ƙungiyoyin uwaye na makarantu, waɗanda ake kira AME, nan ya kamata su fi sa ƙarfi, su bi gida-gida su nuna wa uwa cewa kunnenta ya isa.

Abu ɗaya da masu jin karatu ba za su iya yi su kaɗai ba shi ne samar da littafi. A makarantu da dama ƴan littattafan da ake da su suna kulle a cikin kabad, don tsoron kada su yage ko su ɓace, tsoron kuma yana da dalili, tunda in sun tafi ba a san ranar da wasu za su zo ba. Wannan magana ta taron CGDES ce, kuma iyaye ke da bakin tayar da ita. A buɗe rajista, kowane littafi a sa masa riga da takardar buhun siminti, a rubuta sunan yaro da na babban da ya tsaya masa a gida, a ba da aro na mako 2. Wanda ya dawo da shi, mushe ko wata uwa daga cikin kwamiti ta buɗe shafi ɗaya a tsakiya ta ce karanta, ta yi tambaya ɗaya, sannan a ba shi na gaba. Wanda ya yage a ɗinke shi da zare da allura, wanda ya ɓace kwamiti ya san gidan da zai je.